Daga man shafawa zuwa kwaya ko allura: wanne mai soriyasis zai koma a Legas, kuma ya za'ayi da tsoron illa?

Duk wanda ya dade da soriyasis, ciwon fatar nan mai fitar da farin bawo da kaikayi, akwai ranar da likita zai duba bayansa da gwiwowinsa da fatar kansa yace masa Malam, man shafawan nan ya kai iyakarsa, sai dai mu hau mataki na gaba. To daga nan ne hankalin da yawa daga cikinmu yake tashi, saboda mataki na gaban nan kwaya ce ko allura wadda take taba garkuwar jiki, kuma da ka bude kwalin ka warware doguwar takardar nan mai kananan rubutu zaka ga an jero hanta, koda, huhu, jini, sai kaji gabanka ya fadi kace gara inyi ta fama da kaikayina. Nima inada ciwon nan, a Agege nake zaune, kuma na bi ta wannan hanyar, shiyasa nakeso in jera magungunan kusa da juna yadda wanda yake tsaye a mararraba zai san me zai tambayi likitansa. Ni ba likita bane, kuma babu daya daga cikin magungunan da zan ambata da ya halatta mutum ya siya ya fara sha da kansa.

Abu na farko, kada tsoron sabon magani yasa ka manta cewa wanda kake kai ma yanada illa. Mafi yawanmu da man sitiroyid muka fara, irinsu Dermovate da sauran masu karfi, ko kuma kirim din nan na kemis mai hadi uku da ake baiwa kowa akan kowane irin kurji. Yana aiki da sauri ba karya, sati daya biyu zakaga bawon ya kwanta, amma idan aka dade ana labtawa fata tana yin siriri kamar leda, nankarwa ta fito a hammata da cinya, wajen yayi haske daban da sauran jiki, kuma randa ka daina kwatsam ciwon ya dawo ya fi na da. Mai karfi irin Dermovate ka'idarsa kada a wuce giram 50 a sati, ba'a shafa shi a fuska, kuma na dan lokaci ne ake bada shi. Yanzu ka tambayi kanka, tubu nawa kake karar wa a sati? Wanda ya fi wannan hatsari shine allurar sitiroyid ko kwayar firednisolon da ake baiwa mutane a wasu kemis, jiki zai goge fes har mutum ya fara godiya, bayan an daina kuma ciwon zai iya tasowa da kuraje masu mugunya ko fatar jiki gaba daya tayi ja tana zuba har sai an kwantar da mutum a asibiti. Wanda ya ki maganin da likita yake bibiya da gwajin jini saboda tsoro ya koma wannan allurar, wlh gudun gara yayi ya tadda zago.

Kafin a kai ga kwaya akwai tsaka-tsaki guda biyu. Akwai man da aka hada da sinadarin bitamin D irin Daivonex, da Daivobet wanda ya hada shi da sitiroyid, baya sirantar da fata kamar sitiroyid zalla idan an bi ka'ida, shima dai yanada iyaka, Daivonex ba'a wuce giram 100 a sati saboda yana iya daga sinadarin kalsiyam a jini. Matsalarsa tsada, kuma idan ciwon ya mamaye baya da ciki da kafafu to babu aljihun da zai iya. Sai gashin haske, wato a saka ka cikin injin da yake fitar da wani nau'in hasken rana da aka tace, minti kadan ka fito. A bangaren illa wannan ya fi kowanne sauki, baya taba hanta baya taba koda, har mai ciki ana yiwa, iyakaci fata ta dan kone ko ta kara duhu na wani lokaci. Amma ana bukatar zuwa sau 2 ko 3 a sati har wajen zama 20 zuwa 30, kuma ba kowane asibiti ke da injin ba. Ka lissafa mutumin da yake da rumfa a Mile 12 ko Alaba Rago, ya rufe shago ya shiga danfo ya sha gosulo ya dawo, sau uku a sati, wata biyu cur. Wanda yake kusa da inda akeyi kuma aikinsa zai barshi, ni zance ya fara gwada wannan. Wanda yasan bazai iya cika zuwan ba kada ma ya fara, zuwa jefi-jefi asarar kudi ne kawai.

Yanzu ga wanda yawanci za'a fara rubuta maka, metotireksat. Anan zan dade domin shine wanda mutane suka fi tsoro kuma shine wanda yafi dacewa da aljihun talaka. Tsohon magani ne, tun 1972 hukumar magunguna ta Amurka ta amince dashi don soriyasis, likitoci sun san halinsa ciki da bai. Abinda yake razana mutane shine idan suka bincika a waya sai suga maganin ciwon daji ne, wato kansa. Eh ana amfani dashi a kansa, amma a can adadin da ake bayarwa ya ninka namu nesa ba kusa ba. Mu ana bamu tsakanin miligiram 7.5 zuwa 25, kuma SAU DAYA A SATI. Na rubuta da manyan baki ne saboda mafi munin hatsarin maganin nan daga kuskuren shansa kullum yake zuwa, an rasa rayuka ta haka. Ka zabi rana daya, ka rubuta ta a jikin kwalin da biro, ka fadawa matarka ko dan uwanka wacce rana ce. Kwayar yawanci 'yar karama ce mai miligiram 2.5, sai a ce maka ka sha guda hudu ko shida a ranar, to idan wata rana kemis ya baka mai miligiram 10 dole ka lura, don adadin kwayoyin zai canza. Ana hada maka da folik asid wanda ake sha a wata rana daban, shi yake rage tashin zuciya da gyambon baki.

Illarsa ta yau da kullum itace tashin zuciya da kasala washegarin ranar sha. Ni da daddare nake shan nawa bayan na ci tuwo, ranar da nasan gobe babu zirga-zirga da yawa, washegari inajin jikina yayi nauyi kamar nayi aikin dako, zuwa la'asar ya sake ni. Wanda tashin zuciyar yayi masa yawa akwai na allura a karkashin fata, shima sau daya a sati, yafi sauki ga ciki. Manyan illolin da ake tsoro kuwa, hanta da raguwar kwayoyin jini, wadannan yawanci suna nuna alama a jini kafin mutum ya fara jinsu, shiyasa ake gwaji duk sati daya ko biyu a farko, idan komai ya daidaita a koma duk wata 2 zuwa 3. Idan lambar hanta ta fara hawa likita zai gani tun kafin kai kaji komai, ya rage ko ya tsayar. Don haka idan zakayi lissafin kudin metotireksat ka hada da kudin lab, wanda bazai iya gwajin ba maganin nan ba nasa bane.

Akwai abubuwan da suka shafe mu nan Najeriya musamman. Na daya Septrin. Mu kam da mutum yaji mura ko gudawa ko tari sai ya aika yaro kemis a siyo Septrin, to haduwarsa da metotireksat tana iya durkusar da bargon kashi ya daina kera jini, wannan ba abin wasa bane, duk inda za'a rubuta maka magani ko da na hakori ne ka bude baki kace ina shan metotireksat. Magungunan ciwon jiki irin ibufurofen da dikilofenak suma sai da izinin likita. Na biyu ciwon hanta nau'in B, babban binciken da akayi a kasar nan a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna dauke dashi, da yawa basu sani ba, saboda haka kada ka yarda ka fara ba'a gwada ka ba, harda nau'in C da kanjamau. Na uku giya, mu alhamdulillahi mafi yawanmu bama sha, amma fa agbo, jikon gargajiyar Yarbawa da ake yawo dashi a tashoshin mota wani da barasa ake jika shi, haka jike-jiken da 'yan uwa suke aiko mana daga gida cikin jarka bamu san me ke ciki ba, kuma duk ta hanta zasu bi. Na hudu kuma wanda yafi nauyi a gidajenmu, haihuwa. Metotireksat yana zubar da ciki kuma yana nakasa jariri. Macen da take sha dole ta kasance akan tsarin iyali mai inganci, idan tanason ciki a tsayar dashi akalla wata 3, wasu likitocin suce 6, kuma ba'a shayarwa akansa. Namiji ma ya fadawa likita idan suna neman haihuwa. Nasan amaryar da dangin miji suka zuba wa ido ba karamin abu bane ace mata ta dakata, shiyasa nake ganin mace mai wannan shirin gara tun farko ta fada a fili a nemo mata wata hanya.

Kuma yanada jinkiri. Sati 6 zuwa 12 kafin kaga canji na kirki, ana bashi wata 3 zuwa 4 kafin a yanke hukunci yayi ko baiyi ba, kuma ba kowa yake karba ba. Amfaninsa na daban shine wanda ciwon ya shiga gabobinsa, yatsu suna kumbura, dunduniya ko baya suna sagewa da asuba, yana taimaka masa ta nan ma. Kusan mutum daya cikin uku na masu soriyasis suna iya samun wannan ciwon gabobin, to idan kanajin haka ka fada, zai iya canza zabin gaba daya.

Sikulosforin, wanda zaka gani da sunan Neoral, kishiyar wancan ne a sauri. Sati 2 zuwa 4 jiki ya fara washewa, shiyasa ake dauko shi idan ciwon ya tashi gadan-gadan. Amma yana daga hawan jini yana matsawa koda, ba'a zama akansa, yawanci watanni ne, a wuce shekara daya zuwa biyu ba'a so, kuma idan an sauka ciwon yakan dawo sai an riga an shirya wanda zai karbe shi. Mai hawan jini ko matsalar koda ya cire shi a lissafi. Ga masu aikin rana da suke zufa tun safe har yamma, da kuma lokacin azumi, rashin ruwa a jiki yana kara masa nauyi akan koda, dole a zauna da likita kafin watan ya kama. Metotireksat kam ta wannan bangaren yafi sauki tunda sau daya ne a sati, bayan shan ruwa ka sha abinka.

Asitiretin, Neotigason kenan, shi baya danne garkuwar jiki, don haka yana yiwa mai kanjamau ko wanda ake jin tsoron kamuwarsa da cututtuka amfani, kuma yana kyau ga wanda ciwon ya kama tafin hannu da tafin kafa yayi kauri yana tsagewa. Sai dai shi kadai bashida karfi sosai, ga bushewar lebe har ya dare, idan kaje gida Arewa da hunturu zakaji a jikinka, gashi yana iya zubewa, kitsen jini ya hau. Mace kuwa mai shekarun haihuwa kusan a rufe maganar, domin bayan ta daina sai ta jira shekara 3 kafin ta dauki ciki, kuma mai shansa baya bada gudunmawar jini tsawon wannan lokacin. Akwai kuma Otezla da ta fito a 2014, kwaya ce sau biyu a rana, bata bukatar yawan gwajin jini, wanda hakan yana jan hankalin mai tsoron allura da lab. Amma tana sa gudawa da tashin zuciya a makonnin farko, tana rage kiba, kuma ga mu da muke maganar damuwa, an san tana iya kara bakin ciki ga wasu, to wanda dama zuciyarsa a cunkushe take ya fadawa likita wannan tun kafin a rubuta.

Sai manyan allurai da ake kira bayolojik, Humira duk sati 2, Cosentyx duk wata bayan alluran farko, Stelara da Skyrizi duk sati 12. Maganar gaskiya a wajen goge fata babu kamarsu, musamman sabbin, mafi yawan wadanda suka hau jikinsu yana washewa kusan duka, kuma basa wahalar da hanta da koda irin na kwayoyin can. Da kudi ba matsala bane da yawanmu nan zamu nufa. Amma ana shigo dasu ne da dala, kuma ba abin yi sau daya bane, shekara da shekaru ne, wanda ya fara ya tsaya saboda kudi sun kare ciwon zai dawo, wani lokacin idan an koma maganin baya kamawa kamar farko. Kada ka saida fili ko ka karya jari don allura uku, ka lissafa shekara guda cif tukunna, ka kuma tambayi inshorarka, ko ta wajen aiki ce ko Ilera Eko ta jihar Legas, ko tana daukar wani abu a ciki. Sannan ajiya, ana so su zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, kada su daskare kada suyi zafi, to ka dubi yanayin wutar unguwarku da firijinka ka fadawa kanka gaskiya. Ka kuma san daga hannun wa kake siya, ka duba lambar NAFDAC, allurar da ta kwana a rana a hanya ko da ta gaske ce ta lalace.

Babban abin lura da bayolojik a kasarmu shine tarin fuka. Najeriya ce kan gaba a Afirka a yawan masu shi, kuma mutum zai iya dauke da kwayar cutar tana kwance a jikinsa shekaru bai taba tari ba, allurai irin Humira suna iya tayar da ita. Shiyasa dole hoton kirji da gwaji kafin a fara, idan an samu a fara maganinta tukunna, kuma gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Cosentyx ta wannan bangaren tafi sauki amma tana kawo farin kurajen baki da kaikayin gaba na fangas, kuma bata dace da mai ciwon kumburin hanji ba. Wani abu da alhazai da masu zuwa Umara da 'yan kasuwar Kwatano ya kamata su sani, allurar rigakafin shawara da ake yi don yalo kad tana dauke da kwayar cuta mai rai da aka raunana, ba'a yiwa wanda yake kan bayolojik ko metotireksat ko sikulosforin ita haka kawai. Idan kasan akwai tafiya a gabanka ka fada tun kafin a fara maganin, ayi rigakafin a gama.

To idan ka tambayeni ra'ayina, namiji ko macen da ta gama haihuwa, hanta lafiya, zai iya biyan gwajin jini akai-akai, metotireksat ne mataki mai ma'ana bayan man shafawa. Mai neman haihuwa ta nemi gashin haske, idan abin yayi tsanani akwai abinda likitan fata zai iya dubawa kamar sikulosforin na dan lokaci ko allurar Cimzia, wadda ita ma bayolojik ce. Mai ciwon hanta ya kauce wa metotireksat, mai hawan jini ya kauce wa sikulosforin. Wanda ya gwada kwayoyin basuyi ba kuma yanada hali, bayolojik. Kuma wannan hukuncin a wajen likitan fata ake yanke shi, akwai su a asibitin koyarwa na LUTH dake Idi-Araba, wanda dama unguwar Hausawanmu ce, da asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja. Layin yanada tsawo, ka sammaka, ka tafi da duk kwalayen abinda ka taba shafawa ko sha a leda, harda na hawan jini da na maleriya, domin kulorokwin da wasu magungunan hawan jini irin atenolol suna iya tayar da soriyasis.

Shi kansa canjin ma yanada ka'ida. Ba'a yanke man sitiroyid mai karfi rana daya, ana ja da baya ne a hankali yayin da sabon yake kama jiki, kuma tsakanin nan fata zata iya dan tashi, wannan baya nufin sabon maganin ya gaza ko yana cutar dakai. Ka dauki hoton wuraren da wayarka ranar da ka fara, a haske daya, ka sake dauka duk bayan sati biyu, saboda ido yana mantuwa, mu kuma masu bakar fata bayan bawon ya tafi tabo mai duhu ko mai haske yana zama watanni, sai mutum ya dauka ciwon ne har yanzu alhali shafa hannu zakayi kaji wajen yayi sumul. Man jiki mai maiko irin basilin ko man kadanya kuma ba'a daina shi ko wane magani aka koma, kuma a bar dirzar wajen da soso, duk inda aka ji wa fata rauni nan sabon ciwo yake fitowa.

Yanzu maganar fargaba. Ni bana ganin laifin wanda yake tsoro, abu ne za'a saka a jikinka. Amma ka san yadda ake rubuta takardar nan ta cikin kwali, doka ce ta tilasta a jera duk abinda aka taba gani, kuma an kasa su kashi-kashi, wanda yake samun fiye da mutum 1 cikin 10, wanda yake samun 1 cikin 100, har zuwa wanda bai kai 1 cikin 10,000 ba. Idonmu kuma kai tsaye kan mafi muni yake sauka ba tare da duba a wane kashi yake ba. Ko farasitamol ka warware takardarsa zakaga abinda zai hanaka barci. Sannan likitoci sun tabbatar cewa tsammanin illa shi kansa yana kawo alamun, mutum ya hadiye kwaya minti biyar yaji zuciya tana bugawa, kai yana juyawa, ciki yana murdawa, alhali maganin ko narkewa bai gama ba. Ba karya yake ba, da gaske yakeji, amma fargabar ce take aiki. Ga kuma damuwa tana daga cikin abubuwan da suke tayar da soriyasis din kanta, kaga tsugune bata kare ba.

Abinda ya taimakeni shine na roki likita ya raba min abin gida biyu a takarda daya. Nace likita dan Allah rubuta min wanda idan na gani in taho asibiti a ranar, da wanda zan iya hakuri dashi zuwa ranar kilinik. A metotireksat na farkon sune zazzabi da ciwon makogwaro, gyambo a baki, busasshen tari da numfashi sama-sama, ido ya zama rawaya ko fitsari yayi duhu sosai, jini daga dasashi ko tabon jini a fata ba tare da ka bugu ba. Kasala da dan tashin zuciya suna gida na biyu. Takardar tana manne a cikin murfin durowar da nake ajiye maganin, duk sanda naji wani abu da dare maimakon in dauki waya in fara bincike har asuba sai in duba ta, idan baya cikin jerin farko in rubuta shi a dan littafi da rana da lokaci in kwanta. Zazzabi dai kada kace maleriya ce kawai ka sha magani ka kwanta kamar yadda muka saba, akan wadannan magungunan zazzabi na bukatar gwajin jini. Ka kuma rika karbar sakamakon gwajinka kana ajiyewa a fayil, ganin lambobin hanta suna nan daram wata bayan wata yana kwantar da hankali fiye da duk lallashin da wani zai maka.

Ka samu mutum daya a gida da ya san me kake sha da ranar sha, ranar farko kada ka sha kai kadai a daki. Masu baka labarin wani da ya sha ya mutu, ka tambayesu wane adadi ya sha, sau nawa a sati, ana masa gwaji ko a'a, yawanci basu sani ba. Addu'a da neman magani tare suke tafiya, kayi istihara idan zuciyarka ta rabu biyu, sannan ka koma wajen likita da tambayoyinka a rubuce don kada ka manta idan ka shiga. Idan kuma fargabar ta kai ka kasa barci, ka kasa fita kasuwa, ka siyo maganin ya kwashe makonni a durowa ka kasa hadiya, ko ka fara jin rayuwar ta isheka, wannan shima ciwo ne mai magani, kuma ya yawaita a tsakanin masu soriyasis, wanda kullum yake kakkabe farin bawo daga kafadar rigarsa kafin ya shiga sahu, yana lura da yadda na kusa dashi a danfo yake janye hannu duk da ciwon baya yaduwa, ya san dalili. Ka fadawa likitan fatar ya tura ka wajen masu kula da lafiyar kwakwalwa, akwai su a manyan asibitocin nan guda biyu da kuma asibitin tarayya na Yaba, ana zama ayi magana dakai a koya maka yadda zaka rike tunanin, ba lallai sai an baka kwaya ba. Idan ma za'a baka, ka fada musu kanada soriyasis da abinda kake sha, saboda wasu magungunan kwakwalwa irin su litiyam suna tayar da ita.